MALAM-BUƊE-LITTAFI: DA WACE TAWADA AKA RUBUTA LITTAFINSA?

Daga Wakilinmu

DA ZARAR damina ta kankama, duk wanda ya bi bakin rafi ko gefen kududdufi da hantsi zai tarar da taron malam-buɗe-littafi, farare da rawaya, sun sauka bisa danshin ƙasa suna buɗe fikafikai suna rufewa. Wannan buɗewa da rufewa ita ta sa Bahaushe ya raɗa wa ƙwaron nan suna, don ya yi kama da malami a zaure yana juya shafukan littafinsa. Da wuya a sami yaron da ya tashi a ƙasar nan bai taɓa bin sa da gudu ba. Wanda duk ya taɓa kama shi kuwa ya san abin da kan biyo baya. Wani gari mai laushi kan maƙale a yatsu, wurin da aka riƙe kuma ya koɗe kamar allon da aka wanke.

To, mene ne wannan gari? Kuma daga ina launin yake fitowa? Masana ilmin kimiyya sun shafe fiye da shekara 300 suna bin diddigin tambayar nan. Abin da suka gano shi ne, hanya biyu ce ake samun launi a fiffiken malam-buɗe-littafi da na ɗan'uwansa faɗa-wuta, wato wanda kan kewaye fitila da dare. Hanya ta farko rini ce, ta biyu kuwa gini. Za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan mu ga dalilin da ya sa wannan ado ya zama batun rai da mutuwa ga mai shi.

GARIN DA KE YATSA

In an sa garin nan a ƙarƙashin madubin likita, wato madubin da ke ƙara girman abu, sai a ga ashe ba gari ba ne. Waɗansu 'yan fallaye ne masu faɗi, tsawon kowane kimanin kashi 1 cikin 10 na milimita ne. Kowane falle yana da 'yar ƙafa da ke soke cikin fatar fiffiken, an kuma jera su sahu-sahu, na sama ya hau kan na ƙasa, kamar yadda ake ɗora yantacciyar ciyawa a jinka. Ita fatar fiffiken da ke ƙarƙashinsu a yawancin irin ba ta da wani launi, ana iya hango abu ta cikinta.

Saboda fallayen nan ne masana suka sa wa dangin duka suna Lepidoptera, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin ɓawon kifi da kuma fiffike. An san iri fiye da 150,000 na wannan dangi a duniya. Mafi yawansu faɗa-wuta ne, malam-buɗe-littafi bai wuce iri 20,000 ba, fiye da 1,000 daga ciki kuwa ana samun su a Nijeriya.

Kowane falle launi guda yake ɗauke da shi. Saboda haka zanen da muke gani a fiffike, ko layi ne ko ɗigo ko da'ira mai kama da ido, an haɗa shi ne da dubban fallaye, kamar yadda mai ɗinkin hula kan haɗa zane da zare kala-kala, huda bayan huda. Ana yin aikin nan duka tun ƙwaron yana kwance cikin kwansonsa, bayan ya gama zama tsutsa, kafin ya fito da fikafikai. Kowane falle daga ƙwayar halitta guda ɗaya yake tsirowa, in ya kammala sai ƙwayar ta mutu ta bar shi a bushe. Wannan ya sa fallen da ya goge ya goge ke nan, ba ya sake tsirowa. Amma ba gaskiya ba ce maganar da yara kan yi cewa da zarar garin ya taɓu ƙwaron ba zai ƙara tashi ba. Akan ga tsofaffinsu da suka koɗe suna shawagi abinsu. Hasali ma sauƙin zubar fallayen kan cece su, don in sun faɗa yanar gizo-gizo sukan bar garin a jikin yanar su sulale.

HANYA TA FARKO: RINI

Hasken rana da muke gani fari, haɗin launuka ne da yawa, su ne waɗanda ke bayyana a bakan gizo. Idan marini ya tsoma zane a karofi, abin da baba ke yi shi ne ya shanye sauran launukan da ke cikin hasken, ya bar shuɗi ya dawo ga idonmu. Haka kowane rini yake aiki, na masana'anta ne ko na jikin halitta.

Jikin ƙwaron yana haɗa irin nasa rini, ya zuba a cikin fallayen a kwanakin ƙarshe na zaman kwanso. Baƙi da ruwan ƙasa suna fitowa daga wani sinadari mai suna melanin, wanda shi ne dai ke ba fatar ɗan Adam da gashinsa duhu. Ja da ruwan goro a iri da yawa daga wani sinadari suke, mai suna omokurom, wanda kuma ake samu a idanun ƙwari. Waɗansu iri kuwa ba su haɗa rininsu duka da kansu, sukan tara shi ne daga ganyen da suka ci tun suna tsutsa. Akwai kuma tsari a wajen zubawar: fari da rawaya da ja su kan riga bayyana, baƙi shi ne na ƙarshe.

Farare da rawayan da muka ambata a bakin rafi suna da nasu labari. Da yawa daga cikinsu irin da masana ke kira Catopsilia florella ne, wanda tsutsarsa ke cin ganyen dangin rai-ɗore da tafasa. A shekarar 1889 wani saurayi Bature a Landan mai suna Frederick Gowland Hopkins ya fara tatso rini daga fikafikan 'yan wannan gida yana nazarinsa. Daga baya masana a Jamus suka ci gaba da aikin, aka sa wa sinadarin suna terin, daga kalmar Girkancin nan mai nufin fiffike. A wancan zamani wani zai iya cewa aikin banza ne. Sai ga shi a shekarun 1940, da aka warware yadda aka gina sinadarin folik asid, aka tarar da terin a tsakiyarsa. Folik asid ɗin nan shi ne 'yar ƙwayar da ake ba mata masu juna biyu a asibiti don ƙarin jini da kare jariri daga tawaya ta laka. Shi kuwa Hopkins ya sami kyautar Nobel a 1929 saboda aikinsa a kan bitamin.

HANYA TA BIYU: GINI

Akwai launin da rini ba ya iya bayarwa. A dazuzzukan Birazil da maƙwabtanta akwai wani babban malam-buɗe-littafi mai suna Morpho, wanda shuɗinsa ke walƙiya har akan hango shi daga nesa ƙwarai. Amma in aka niƙa fiffikensa ya zama gari lilis, ba za a sami ko ɗigon shuɗin rini ba, sai ruwan ƙasa mai duhu. In kuma aka ɗiga masa ruwan sifirit, nan take shuɗin ya juye kore, da sifirit ɗin ya bushe sai shuɗin ya komo. Zanen da aka rina da baba ba ya yin haka.

Mai karatu ya sha ganin irin wannan launi ba tare da ya lura ba. In aka yi ruwan sama, fetur ya zuba a kan ruwan da ya kwanta a tashar mota, akan ga launukan bakan gizo suna yawo a samansa, alhali kuwa fetur da ruwa ba wanda ke da waɗannan launuka. Haka kumfar sabulu, haka gashin ɗawisu. Tun a 1665 wani masani na Ingila, Robert Hooke, ya duba gashin ɗawisu da madubinsa, ya lura cewa in an jiƙa shi launin kan gushe. A 1704 Isaac Newton ya ce sirrin yana ga sirantakar sassan gashin. A farkon ƙarni na 19 kuma Thomas Young ya nuna cewa haske tafiyar igiyar ruwa yake yi, wanda shi ne mabuɗin al'amarin.

Ga yadda abin yake. In ka jefa duwatsu biyu a kududdufi, kowane zai ta da igiyoyinsa. Inda tudun wannan igiya ya haɗu da tudun waccan, ruwan kan ƙara tashi. Inda tudu ya haɗu da kwari kuwa, sai su kashe juna ruwan ya kwanta. Kowane launi na haske yana da nasa tsawon igiya. Ana auna shi da nanomita, wato kashi 1 cikin miliyan na milimita. Igiyar shuɗi kimanin nanomita 450 ce, ta ja kuwa takan kai 700. In haske ya faɗa kan wani abu mai siraran hawa da yawa, wani kashi zai dawo daga hawa na farko, wani daga na biyu, wani daga na uku. Tazarar da ke tsakanin hawa da hawa ita za ta zaɓi launin da igiyoyinsa za su dace da juna su ƙarfafa, sauran kuma su mutu.

Ba a ga wannan gini da ido ba sai a 1942, lokacin da waɗansu masana biyu na Amurka, Anderson da Richards, suka sa fallen Morpho a sabon madubi mai aiki da lantarki. Suka tarar bayan fallen kunya-kunya ne kamar gona, kowace kunya kuma tana ɗauke da kantoci hawa-hawa, iska a tsakaninsu. Tazarar kantocin kimanin nanomita 200 ce, wato kaurin gashin kai ya ninka ta sau ɗaruruwa. Wannan tazara ta dace da shuɗi daidai. Sifirit in ya shiga ya kori iskar, lissafin ya sauya, sai kore ya fito. A ƙarƙashin kantocin kuma akwai shimfiɗar melanin da ke shanye hasken da ya wuce, don kada ya dawo ya dishe shuɗin. Ashe rini da gini ba kishiyoyi ba ne, tare suke aiki.

Mutanen Kura da masu sana'ar bugu a Kano za su fahimci wannan bambanci da sauri. Duhun rawani ɗan Kura daga baba yake, amma ƙyallinsa ba ya samuwa sai an kai shi mabuga an daddale fuskarsa. Rini daban, yadda haske ke tashi daga fuskar abu daban.

Ba sai an je Birazil ba kafin a ga gini. A tsibirin Madagaska akwai wani faɗa-wuta mai yawon rana, Chrysiridia rhipheus, wanda kore da ja da ruwan zinariyarsa ke sauyawa in an juya shi, kusan duka kuwa gini ne. A Afirka, har da Nijeriya, akwai Papilio nireus, baƙi mai ratsin shuɗi-kore. A 2005 Pete Vukusic na Jami'ar Exeter a Ingila da abokin aikinsa suka nuna cewa fallayensa na ɗauke da rini mai shan haske ya sake fitar da shi, a bisa wani gini da ke tura hasken waje, irin dabarar da injiniyoyi suka sha wahala kafin su sa a ƙananan ƙwayayen lantarki na zamani. Waɗansu kuma suna da gini mai dawo da hasken da ya wuce iyakar idon ɗan Adam. Namijin wani ɗan ƙaramin rawaya da ke yawo cikin ciyawa, Eurema hecabe, a idonmu rawaya ne kawai, amma macensa tana ganin wata walƙiya a fiffikensa wadda mu ba mu gani.

WA KE RABA ZANEN?

Saura tambaya guda. Yaya wannan falle ya san shi ja ne, maƙwabcinsa kuma baƙi? Amsar tana cikin ƙwayoyin gado. A 2017 ƙungiyoyi biyu na masana a Amurka, ɗaya a ƙarƙashin Arnaud Martin na Jami'ar George Washington, ɗaya a ƙarƙashin Robert Reed na Jami'ar Cornell, suka yi amfani da dabarar CRISPR, wadda ke yanke ƙwayar gado guda tun a cikin ƙwai. Da suka kashe wata mai suna WntA, sai iyakokin zanen suka rikice, layuka suka ɓace ko suka goce. Da suka kashe wata mai suna optix, sai ja da ruwan goro suka koma baƙi ko ruwan toka, a wani iri ma fiffiken ya fito da shuɗi mai ƙyalli wanda ba shi da shi da can. Wato ɗaya tana shata layi, ɗaya tana zuba launi, kamar mai zanen riga da mai ɗinkinta.

Yanayi ma yana da hannu. Akwai wani iri a Afirka mai suna Precis octavia. Wanda ya fito da damina ja ne mai ruwan goro, wanda ya fito da rani kuwa shuɗi ne mai duhu. Bambancin ya kai har masana na da suka ɗauke su iri biyu, sai da aka reni ƙwan ɗaya aka ga ɗayan ya fito. Zafi ko sanyin da tsutsa ta tashi a ciki shi ke zaɓar rigar da za ta sa.

ADO KO GARKUWA?

Duk wannan aiki ba don a burge ɗan Adam ba ne. Launi shi ke sa ƙwaron ya sami abokin aure, ya ɓuya wa tsuntsu, ko ya gargaɗe shi. Misali mafi kusa yana bayan gidajenmu, a jikin tumfafiya. Kowa ya san ruwan nonon tumfafiya dafi ne. Amma akwai wata tsutsa mai ratsin baƙi da fari da rawaya da ke cin ganyenta, ta ajiye wani kaso na dafin a jikinta. Ita ce ke zama Danaus chrysippus, malam-buɗe-littafin nan mai ruwan goro, mai baƙin baki da fararen ɗige, wanda a Afirka ta Yamma fikafikansa na baya farare ne. Ba ya ɓuya, ba ya sauri, tafiyar ƙasaita yake yi. A shekarun 1960 Lincoln Brower ya gwada ɗan'uwan wannan iri na Amurka a kan tsuntsaye, ya ga wanda ya ci ya yi amai, daga nan kuma ba ya ƙara kusantar mai irin launin.

Inda ake rabon kariya kuwa ba a rasa ɗan cin bulus. Macen wani iri, Hypolimnas misippus, ba ta da dafin tumfafiya, amma ta ɗauko kamannin mai dafin har sai gwani ke rarrabe su. Namijinta kuwa baƙi ne mai manyan fararen tabo, kewaye da shunayya mai ƙyalli wadda gini ne. Henry Walter Bates, wanda ya shekara 11 a dajin Amazon, shi ya fara bayyana irin wannan kwaikwayo a 1862.

HAYAƘIN MANCHESTA

Faɗa-wuta kuwa, da yake da rana barci yake yi, yawancinsa launin ɓawon itace yake ɗauka. A Ingila akwai wani iri, Biston betularia, fari mai yayyafin baƙi, wanda in ya lafe a jikin itace mai gansakuka ba a ganinsa. A 1848 aka rubuta labarin kama wani baƙi ƙirin na irin nan a Manchesta. A lokacin masana'antun birnin na ƙona kwal dare da rana, kunkunniya ta rufe itatuwa, gansakuka ta mutu. Fari ya zama abin hange ga tsuntsaye, baƙi ya sami mafaka. Kafin 1895 kimanin kashi 98 cikin 100 na irin nan a Manchesta baƙaƙe ne.

A 1953 da 1955 Bernard Kettlewell ya saki farare da baƙaƙe a wani daji mai hayaƙi kusa da Birmingham da wani mai tsabta a Dorset, ya ga a kowane wuri wanda launinsa ya saɓa wa itacen shi tsuntsaye suka fi ci. An yi ta jayayya a kan hanyar gwajinsa, har Michael Majerus na Jami'ar Kambirij ya sake yi da ƙwari fiye da 4,800 cikin shekaru shida. An buga sakamakon a 2012, bayan rasuwarsa, ya kuma tabbatar da maganar. Bayan Ingila ta kafa dokar tsabtace iska a 1956, itatuwa suka washe, fari ya sake rinjaye, baƙi ya zama abin nema. A 2016 kuma masana na Jami'ar Liverpool suka gano ainihin sauyin da ya haifar da baƙin a cikin wata ƙwayar gado mai suna cortex, suka ƙiyasta ya auku wajen 1819. Abin da mutane suka zuba a iska, fiffiken ƙwaro ya ajiye lissafinsa, shigarsa da fitarsa.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Masu masana'antu sun daɗe da sa ido a kan gini, don launin gini ba ya koɗewa muddin ginin na nan, ba ya kuma bukatar ruwan rinin da ake zubarwa a koguna. Kamfanin Teijin na Japan ya taɓa saƙa wani zare mai suna Morphotex, wanda launinsa daga siraran hawa yake, ba rini ko kaɗan. Tawadar da ke sauya launi a jikin takardun kuɗi na ƙasashe da yawa, wadda ke wahalar da masu buga jabu, ita ma da wannan ƙa'ida take aiki.

Kusan duk sunayen da muka lissafa a sama na Turai da Amurka ne, alhali kuwa da yawa daga ƙwarin da ake magana a kansu a ƙofar gidajenmu suke. Malamin kimiyya da ke kukan rashin kayan aiki yana iya farawa da abin da ke hannu. A sami tsutsar tumfafiya a sa a kwalba mai huda, a riƙa ba ta sabon ganye, a kuma wanke hannu bayan an taɓa nonon, kada ya kai ga ido. Cikin 'yan kwanaki za ta rataye ta zama kwanso kore ko mai ruwan hoda, da ɗige-ɗigen zinariya. Bayan kimanin mako guda, ana gobe za ta fito, kwanson zai yi duhu, a hango ruwan goro da baƙi da fari na fiffiken ta cikinsa. Ɗalibin da ya tsaya ya ga wannan da idonsa ya ga ranar da ake zuba rinin. In ƙwaron ya fito, a bar shi ya rataye sa'a ɗaya ko biyu fikafikansa su bushe, sa'an nan a buɗe kwalbar a sake shi.